Hirata da Kansila 'Yar Sabiya

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Lahadi abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon bango na zuba wa ido sa'ad da malamarmu ta ajiye takardata a gabana, don kada mu haɗa ido da ita. A Doha ranar Lahadi ake fara mako, ni kuma ina shekarata ta biyu a jami'a, ina karatun aikin jarida.

Aikin da ta ba mu shi ne kowa ya rubuto rayuwar wani mutum. Na zaɓi wani matuƙin jirgin masu nitson lu'ulu'u da ya rasu tun ba a haifi kakana ba. Mako uku na yi a laburare, na kawo shafi goma sha huɗu, kowace jimla da inda na samo ta.

"Babu kuskure ko ɗaya," in ji malamar. "Na nema ban samu ba. Amma da wa kika yi magana?"

Na ce da littattafai.

"Da kika tambaye su, wanne ne ya ɓata rai?"

Aji ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce in kawo mata mutum mai rai, in tambaye shi abin da bai shirya faɗa ba, in naɗo muryarsa ta ji da kunnenta. Ta ba ni zuwa Alhamis ta sama, ƙarfe biyu na rana. In ban kawo ba, na faɗi kwas ɗin.

Faɗuwar kuwa ba ƙaramar magana ba ce a gidanmu. Abba ma'aikacin famasi ne a wani asibiti, kuma tun ina firamare yake hango ni cikin farar riga a bayan kanta. Da ƙyar ya bar ni na karanta jarida, bisa sharaɗi ɗaya: ranar da na faɗi ko kwas ɗaya ne, na koma famasi ba musu. Da na ba shi labari da yamma bai ko ɓoye murnarsa ba.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "a famasi ba sai kin yi wa kowa dogon bayani ba. Ɗaya safe, ɗaya dare, bayan cin abinci. Shi ke nan jawabin, khalas."

Ba ƙarya ya yi min ba. Ni ce yarinyar da sai ta maimaita "karak biyu" sau uku a zuciyarta kafin mai sayar da shayin madarar ya iso tagar mota. Rubutu nake so. Ban taɓa lissafa cewa kafin a rubuta sai an buɗe baki ba.

Umma ce ta kawo mafita tana tsinke alayyahu. A rukunin gidajenmu na Al Aziziya babu abin da ke wucewa ba ta sani ba, duk da Turancinta bai fi na cefane ba.

"Ke 'yar nan," ta ce, ni ce ta fari, ba ta faɗin sunana, "ga tsohuwar gida na tara can. Uwar injiniyan nan mai haƙa ramin jirgin ƙasa. Baturiya ce, 'yar ƙasar Sabiya. An ce shekara arba'in tana aikin jarida a garinsu, sai da ta yi jika uku ta tashi ta shiga takara, yanzu kansila ce. Duk sanyi take zuwa ta gasa gwiwoyinta a rana. Ki je ki tambaye ta me ya kai ta."

Na san tsohuwar daga nesa. Gajera ce, farin gashi a yanke kamar na namiji, kullum da jarida a hammata. Yaran rukunin suna ce mata Kaka, ni ma haka na kira ta. Umma ta aika da saƙo ta hannun surukarta, matar injiniyan, aka ce in je Talata ƙarfe huɗu.

Kwana biyu na yi ina shiri. Na karanta tarihin ƙasar, na zana taswirar kogunanta, na koyi yadda ake zaɓen kansiloli a can. Na rubuta tambayoyi arba'in da biyu, kowace a katinta, na jera su daga haihuwa zuwa yau. Tambayar da nake buƙata, wato me ya sa ta bar jarida ta shiga siyasa da tsufanta, ita na sa a ƙarshe, don in daɗe ban isa gare ta ba.

Tana buɗe ƙofa na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, kamar yadda ake gaida sa'ar kakar mutum. Ta ja da baya, ta gyara tabarau, ta sunkuya tana duba tayil.

"Me kika yar?"

Na ce babu komai, gaisuwa ce.

"To tashi, abokiyar sana'a. Idan na biyo ki ƙasan nan sai an kira ɗana ya zo da injin ɗaga kaya."

Da Turanci muke magana, nata mai kauri, nawa can ƙasan maƙoshi. Kafin in zauna ta fito da tire: ƙaramin kwanon gilas cike da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari har suka yi danƙo, da kofin ruwa, da cokali. Umma ta ja min kunne kada in yi kamar mayunwaciya a gidan mutane, don haka na ce Alhamdulillahi, na ƙoshi. Ta tsaya da tiren. Na sake cewa na ƙoshi. Ba ta motsa ba. Da na ga tsohuwa ba za ta zauna ba saboda ni, sai na karɓa, kuma da yake abin kunya ne ka rage abin da babba ya ba ka, na cinye kwanon tas, haƙorana suna zugi. Tana kallona har na gama. Sannan ta gaya min, cikin natsuwa, cewa a garinsu cokali ɗaya baƙo yake ci ya kora da ruwa, kwanon nan kuwa ta yi niyyar ya kai ta ƙarshen wata.

"Kada ki damu," ta ce. "Na taɓa ganin wanda ya cinye kasafin ƙaramar hukuma haka, shi ko kunya bai ji ba."

Na kunna rakodar wayata na ajiye a tebur, na ɗauko kati na ɗaya. A ina aka haife ta?

"A saman gidan burodi. Ke fa?"

Na ce Kano.

Sai ta yi shiru. Ta jingina, ta ɗora hannu bisa hannu, tana kallona kamar wadda aka fara ba labari mai daɗi aka tsaya. Shirun ya yi min nauyi, na ƙara da cewa a Gwammaja. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da shirunta. Na ce amma ina da shekara tara muka taho nan. Ta ɗaga gira. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na ba ta labarin ranar da na fara ganin teku, da yadda nake ɓoye littafi a cikin littafin lissafi, da sharaɗin Abba, har da karak. Lokaci-lokaci takan jefa kalma biyu, "Sai kuma?" ko "Shi ya ce me?", ta koma ta yi tsit. Da aka kira magariba na tashi, ta raka ni ƙofa tana cewa ta daɗe ba ta ji daɗin hira haka ba.

A gida na zauna na kwafe abin da na naɗo, kalma bayan kalma, kamar yadda aka koya mana. Minti hamsin da uku. Abin da Kaka ta faɗa bai cika rabin shafi ba. Sauran shafi goma sha ɗaya duk ni ce. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da kowa ba a rayuwata, ga shi na yi ta a ranar da ya kamata in saurara.

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ranar Asabar tare za mu koma, ita za ta nuna min yadda ake jan tsohuwa da hira. Ta soya dubulan, ta cika samira, wai ramuwar kwanon da na cinye.

Ziyarar nan ban san da wane yare aka yi ta ba. Umma ta nuna gwiwarta ta ce "problem", Kaka ta nuna tata biyun ta ce "big problem", shi ke nan suka zama aminai. Aka fito da hotunan jikoki. Aka gwada man zafin juna. Kaka ta ɗauko wani tsohon katinta na shaidar 'yar jarida, hotonta a jiki tana budurwa, gashi baƙi wuluk, sigari a hannu. A tsakanin wannan hidima na samu na cusa tambayoyina, kuma ta amsa da yawa. Ta fara aiki ne a ɗakin gyaran kura-kurai na wata jaridar gari mai fita mako-mako. Ta yi rahoton kasuwa, ta yi na kotu, ta yi na wasan ƙwallon ƙauyuka lokacin da mai yi ya karye a ƙafa. A shekarun yaƙi da tsadar rayuwa, takarda ta yi wuya har jaridar ta koma shafi huɗu, ita ce mai rubutawa, ita ce mai kaiwa ɗab'i a kan keke. Shekara ashirin da wani abu na ƙarshe ta yi su ne a bayan zauren majalisar garin, tana ɗauko rahoton zaman kansiloli.

Na iso kati na arba'in da biyu. Na karanta shi kaina a ƙasa. Umma ta ji kalmar "why", wadda ta sani sarai, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke! Haka ake yi? Ki titsiye babba da me ya sa, me ya sa, kamar alƙali?"

"Umma, ke fa kika ce in tambaye ta."

"Na ce ki tambaya, ban ce ki tambaya gatsal ba. Sai ki kewaya."

Kaka ba ta jira fassara ba. Ta gyara zama, ta miƙe wuya, muryarta ta sauya ta yi santsi. Ta ce bayan shekaru tana rubuta matsalolin jama'arta, ta ga lokaci ya yi da za ta sa hannu a warware su, domin garin da ya raine ta yana da haƙƙi a kanta. Na rubuta da sauri, zuciyata fes. Umma ta ce, "Kin gani? Mace mai hankali." Muka dawo gida da kwalbar 'ya'yan itacen nan guda, kyauta.

Da na tsaya a nan da na huta. Amma ni ba na iya miƙa aiki ban bi diddigin kowace jimla ba. Ranar Litinin na shiga intanet na nemo hirarrakin da aka yi da ita a jaridun ƙasarsu lokacin takara, na sa na'ura ta fassara min. Guda uku na samu. A duka ukun ga jimlar nan, matsalolin jama'a, sa hannu, garin da ya raine ta, ko waƙafi bai sauya wuri ba. Abin da ta shirya faɗa ke nan, ta faɗa wa kowa, ta faɗa min. Malamarmu kuwa abin da ba a shirya ba ta nema.

Da daddare wajen cin abinci Abba ya tambayi labarin aikin, na gaya masa gaskiya. Ya ce Allah sarki, ya miƙo min wata ƙasida ta sashen famasi da ya ce ya tsince ta ne kawai a mota. Umma ta ce masa, "Tsintuwa da sunanta a rubuce a jiki?" Ya ce alƙalami ne ya zame masa.

Laraba ta zo, saura kwana ɗaya. Surukar Kaka ta ce min tsohuwar tana babban lambun da ke bayan unguwarmu, can take zuwa da la'asar. Na tafi da kati ɗaya tak da takardu uku da na buga. A hanya na haddace abin da zan ce: Kaka, ki gafarce ni, wannan amsar na gan ta a wuri uku, ina roƙon wadda ba ki ba su ba. Na maimaita shi ya fi sau ashirin.

Na same ta a kan benci gefen tafki, ta miƙe ƙafafu a rana, tana jefa wa agwagi gutsuren burodi. Iska mai sanyi tana kaɗawa, mata 'yan ƙasa suna ta wucewa cikin abaya da takalman gudu. Daga nesa ana jin ƙarar injinan gini, don a shekarun nan duk inda ka juya a Doha rami ake haƙawa ko bene ake ɗorawa.

"Abokiyar sana'a! Yalla, zauna. Yau me za ki cinye min?"

Na zauna, na kunna rakoda, na sake karanta mata tambayar. Ta dube ni ta gefen ido. Ta miƙe wuya, ta maimaita jimlar nan daga farko har ƙarshe, garin da ya raine ta da komai.

Nan ne ya kamata in faɗi abin da na haddace. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Yaya zan dubi sa'ar kakata in ce mata amsarta haddacacciya ce? Ko a mafarki ban taɓa ƙaryata babba ba. Takardun suna cikin jakata, hannuna yana kansu, na kasa zaro su. Tashi in tafi ma na kasa, don tashi ba sallama wani rashin kunyar ne. Sai na zauna kawai, idona a kan wayar.

Ita ma ta yi shiru. Ta jingina, ta ɗora hannu bisa hannu, irin zaman da ta yi min ranar Talata. Jira take in cike wurin kamar yadda na yi a baya. Da ina da abin cewa da na cike, wallahi. Amma jimla ɗaya ce a kaina, ita ce kuma ba ta faɗuwa.

Agwagwa ta zo ta tsaya a gabanmu, ta gaji ta tafi. Wani mai sharar lambu ya wuce da kekensa. Kaka ta yi gyaran murya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta duba jaridarta, ta ninke. Daga baya da na kwafe hirar na auna wurin: minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya, babu komai sai iska da kukan agwagi.

Sai ta fashe da dariya, har da buga cinya.

"Wa ya koya miki wannan?"

Na ce me?

"Shirun nan! Shekara arba'in da shi nake cin abinci. Na sa shugabannin hukuma sun tona kansu da shi, na sa wani alƙali ya yi kuka. Ba wanda ya taɓa juyo min da shi sai ke, mai cinye wa mutane kwano."

Na ce mata ba dabara ba ce, kunya ce.

"Kada ki gaya wa kowa," ta ce. "Abin nan yana ɗauka?"

Na duba wayar na ce yana ɗauka. Ta karkaɗe burodin da ke cinyarta, ta juyo ta fuskance ni sosai. Muryar da ta fito ba mai santsin nan ba ce, tata ce ta kullum.

"A saman garinmu akwai ƙauyuka huɗu a kan dutse. Matasa sun watse, tsofaffi suka rage. Bas ɗaya ke hawa can, da ita suke saukowa asibiti da kasuwa. Wata rana majalisa ta zauna za ta soke bas ɗin, wai ba ta kawo riba. Ina can baya inda 'yan jarida ke zama, littafina a cinya, aikina in ƙirga hannuwa in rubuta. Shugaba ya ce masu son a soke su ɗaga hannu. Na ƙirga, sha biyar. Ya ce masu son a bar ta. Na ƙirga, sha biyar. Na ce a raina, kunnen doki, bas ta tsira. Sai na ji shugaba ya ce sha huɗu. Na sake ƙirgawa, sha biyar nake gani. Na ɗaga kai in yi gardama, sai na ga duk zauren ni ake kallo. Ashe na sha biyar ɗin nawa ne. Yana sama, da biro a tsakanin yatsu, ban san lokacin da ya tashi ba."

Ta ɗaga hannun ta nuna min, gajere, mai tabon tsufa.

"Shugaban yaro ne, na san shi tun yana zuwa ofishinmu da gajeren wando ya sayi jarida wa babansa. Ya ce, 'Uwa, sauke, naki ba ya cikin lissafi.' Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Na koma ofis na rubuta rahoton daidai, sha biyar da sha huɗu, an soke bas, ban ƙara ko ɗaya ba. Washegari na je na tambayi inda ake karɓar fom ɗin takara. Shekarata sittin da shida. Ban faɗa wa 'yan jarida wannan ba, don na san su, da sun sa hoton hannuna a shafin farko."

A karon farko tun da na san ta, tambaya ta fito daga bakina ba daga kati ba.

"Kaka, bas ɗin fa?"

"Tana hawa Talata da Juma'a," in ji ta. "Yanzu Asabar nake nema."